Da Sitiyari Ya Yi Laushi

Motar ta girmi ɗan maigidana, kuma a duk ofishinmu ni kaɗai nake iya juya ta. Abin da ya riƙe ni a Dubai ke nan shekara da shekaru. Ba ilimi ba ne, don bokon da na yi bai wuce in karanta allon titi ba, shi ma sai na baya ya danna mini hon kafin in gama haɗa baƙin. Ba kyan fuska ba ne kuma, don ko hoton biza sai da mai ɗauka ya sake.

Maigidana ɗan kasuwa ne, mutumin Kano, yana da ofishin kago a wajen Port Saeed, kusa da inda jiragen katako suke ɗaure a bakin ruwa. 'Yan kasuwarmu su zo su sayi leshi da turare da wayoyi da tayoyi su jibge masa, shi kuma ya cika kwantena ya tura gida. A nan na fara, ina ɗan dako. Kafin nan na yi karen mota a gida har na iya tuƙi, amma katan da buhu su suka ba ni damtse. Ni Bazazzagi ne, shi Bakano, saboda haka tun ranar da ya ɗauke ni aiki akwai wasa a tsakaninmu. Bai taɓa kirana da sunana ba. Ko dai "bawan gidanmu", ko "kai rago", ni kuma in rama daidai yadda bara zai iya ramawa bai rasa tuwonsa ba.

Wajen wani tsohon Balarabe ya sayi motar. Ƙirar Jamus ce, doguwa, ruwan madara, kujerunta na fata sun yi laushi kamar tsohon buzu. Ya ce irinta mahaifinsa ya hau lokacin yana yaro, shi ya sa ya saya. Yana da motocin zamani a ƙasan bene, amma ranar Juma'a, ko in babban baƙo ya sauka, sai a fito da Tsohuwa. Haka muke kiranta.

Sitiyarinta faɗinsa ya kai faifan tankaɗe, kuma ba ta da pawa, wato ba abin da yake taimakon hannu wajen juyawa. In tana gudu ba laifi. In kuwa za a yi fakin a lungunan Deira, inda wuri bai fi tsawon motar da taku ɗaya ba, to kokawa ce sosai. Direbobin ofis duk sun gwada. Wani ɗan Fakistan ya fito yana yarfe hannu, ya ce a ba shi babbar mota ya fi masa. Ni kuwa na shiga na danna kafaɗa, ta juya. Daga ranar na bar dako.

To, akwai abin da wanda bai yi barantaka ba ba zai gane ba. Bara ba ya zuwa gaban maigida ya ce, dubi irin wahalar da nake sha dominka. Nishi yake yi. Ni kuma Allah ya hore mini nishi. Ina karya kwana sai in sake shi tun daga ciki.

"Wash! Alhaji, kafaɗar nan ta tashi daga aiki."

"Ƙaryar banza," in ji shi daga kujerar baya. "Shinkafar da ka share jiya a gidana ina ta tafi?"

"Ta tafi wajen juya akwalar da Bakano ya saya don rowa."

"Akwala? Kakanka ya taɓa shiga irinta? Tuƙa mu, rago, kafin liman ya hau mumbari."

Har man zafi nake shafawa in na san za mu fita, motar ta gauraye da wari, ya yi ta tsaki yana buɗe gilashi. Shi ya san kafaɗata ƙalau take, ni ma na san ya sani. Nishina yana cewa ba ka da kamata, zaginsa yana cewa na ji, zauna. A haka aka yi ta sabunta mini biza ba tare da na taɓa buɗe baki na roƙa ba.

Kuma ina bukatar bizar nan fiye da yadda nake nunawa. Matata ta rasu da daɗewa. 'Ya'yana sun girma a bayan idona, muryata suka sani a waya, in na je hutu sai su yi ta yi mini ladabi irin na baƙo. Rayuwata tana Satwa, a wani fulat da muke cushe mu da yawa, inda nake da gado na ƙasa a gadajen nan masu hawa biyu saboda shekaru, da mai shayin da ya san yawan sukarina, da benci a ƙofar wani tela inda muke zama bayan la'asar muna gyara Najeriya da baki. Mai shekaruna ba wanda zai ɗauke shi sabon aiki a garin nan. In Alhaji ya sake ni, jirgi ne kawai.

Sai ɗansa ya dawo daga karatu a Turai. Alhaji Ƙarami muke ce masa. Na goya shi a wuya yana yaro, na kai shi makaranta, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, yaron kirki ne. Baba yake ce mini. Sai dai a Dubai ya tashi, Hausarsa rabi Larabci ce rabi Turanci, kuma in ka yi masa wasa sai ya tsaya yana nazari kamar ka ba shi lissafi. Sannu a hankali ofis ya fara komawa hannunsa.

Ya ƙyalla ido a kan Tsohuwa. Ashe akwai samari masu hali da suke taruwa ƙarshen mako a wani fili a Al Quoz, kowa ya kawo tsohuwar motarsa ya buɗe bonet, su yi ta zagayawa da kofin gahawa suna ɗaukar hoto. A wajensu mota ba ta yi kyau ba sai cikinta ya kusa shafar kwalta. Ya kai ta gareji aka cire mata sifirin aka sa gajeru, aka canza shokazoba, aka sa mata tayoyi masu faɗi. Ta dawo a durƙushe kamar raƙumi zai ɗauki kaya.

Alhaji ya zagaya ta, ya ce, "Wa ya karya mata ƙafa?"

"Haka ake yayi, Abba."

Ni dai daɗi ya kashe ni. Faɗin taya ya ƙara wa sitiyarin nauyi, yanzu ko ni sai na cije. Ga kunyoyin da ake yi a titi don rage gudu, dole a hau su a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, kamar mai sabuwar riga zai tsallake kwata. Na ce a raina, an ƙara ɗaure ni da motar nan, sai mutuwa. Na ƙara wa nishin gishiri. Na ƙara man zafi.

Wata Juma'a muna dawowa daga masallaci, uba da ɗa suna baya, na shiga wani lungu na saki wash ɗin da ya fi na kullum tsawo. Har da ɗan tari na haɗa. Ina jiran a ce mini rago, sai na ji muryar yaron.

"Baba, tun yaushe kafaɗar take maka haka?"

"Ai ta daɗe, ɗana. Sai haƙuri."

"La, wannan zalunci ne wallahi. Abba, mutum kamar Baba yana fama haka muna kallo? Halas, magana ta ƙare, za a sa mata pawa."

Na ɗaga ido na dubi Alhaji ta madubi. Kalma ɗaya ta isa. Ya ce ƙyale shi, ƙarya yake, Bazazzagi ne, shi ke nan an wuce wurin. Sai na ga yana jan carbi yana kallon waje.

"To, ka ji," ya ce. "Ɗanka ya tausaya maka."

Me zan ce? In na ce kafaɗata lafiya lau, na ƙaryata kaina a gaban yaron da na goya. In na ce ba na so, na mayar da alherin ɗan maigida, abin da ba a yi. Na buɗe baki na ce, "Allah ya yi albarka, Allah ya ja kwana." Da bakina na sa wa abin albarka.

Ni na kai ta garejin, can cikin Al Quoz, tsakanin rumbunan ajiya, inda iska take warin baƙin mai da fenti. Makaniken wani dattijo ne ɗan Fakistan mai jan gemu na lalle. Hajji yake ce mini, ni kuma in ce masa usta, yadda ake kiran babban makanike a can, muna haɗa Larabcinmu na kasuwa muna fahimtar juna. Aka ɗaga motar sama, ya shiga ƙarƙashi da fitila, ya kawo akwatin sitiyari irin mai aiki da mai, da famfonsa da bel da tiyo, ya gwada nan, ya gwada can. Ya daɗe. Sannan ya fito yana goge hannu yana kaɗa kai.

"Mushkila, Hajji."

Ya ja ni ya nuna mini. Tun da an durƙusar da motar, sabon akwatin da tiyonsa za su sauko ƙasa da inda ya kamata. Ya jera yatsunsa ya nuna mini abin da zai rage tsakaninsu da titi. Kunya ɗaya za a hau ba daidai ba, tiyo ya fashe, mai ya tsiyaye. Ko dai a ɗaga motar ta koma yadda take, ko a haƙura da pawa. Na san kuwa Alhaji Ƙarami ba zai yarda a ɗaga ta ba, abokansa za su yi masa dariya.

Na yi fuskar jimami, na ce, "La haula. Ƙaddara ce, usta." Na fita na sayo wa duk ma'aikatan garejin shayin karak. Suka yi ta godiya, ba su san walimar mece ce ba.

Da yamma a Satwa na ba da labari a benci, ina kwaikwayon kaɗa kan usta. Akwai wani ɗan Gana da muke ɗaki ɗaya, mai gadi ne a wani otal, ya gama dariya ya ce, "Olman, dattijo, kar ka yi rawa tukuna. Masu kuɗi ba su gajiya."

Na ce, "Kai dai tsaya a ƙofar otal ka yi ta sara wa mutane. Me ka sani a mota?"

Bai fi 'yan makonni ba aka kira ni ofis, aka ce ga wani kwali ya iso, in kai wa usta. Kwalin bai kai na dabino girma ba. Na ɗauka a hammata, ina cewa ko fitila ce aka sayo mata. Da usta ya buɗe sai ya yi murmushi har gemun yana rawa. Wani ɗan inji ne na lantarki, bai fi gwangwanin madara ba. Ba ruwansa da ƙarƙashin mota. A cikin ɗaki ake ɗaura shi, ƙarƙashin dashbod, a jikin sandar sitiyarin, a ja waya zuwa batir. Ba famfo, ba tiyo, ba mai. Ko cikin motar yana jan ƙasa, shi bai san ana yi ba. Ni na ɗauko shi da hannuna, har ina kare shi daga rana.

Kwana biyu suna yanka suna ɗaurawa, ina zaune a kan tsohuwar taya ina addu'ar da ba zan maimaita a nan ba. Da aka gama usta ya tayar da ita, tana tsaye cak, ya sa ɗan yatsa ɗaya ya juya sitiyarin daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Tayoyin nan masu faɗi suka bi shi kamar an yi musu asiri.

"Yalla, Hajji. Gwada."

Na zauna na kama. Ban ji komai ba. Kamar ka miƙa hannu za ka gaisa da mutum ka tarar da hannun riga kawai.

Na ce, "Usta, wannan ba ta jin titi. Haɗari ne."

Ya nuna mini wani ɗan maɓalli da ya maƙala a gefen gwiwa. In ka murɗa hagu ta yi nauyi kaɗan, in ka murɗa dama ta zama ruwa. Na murɗe shi hagu har ƙarshe. Ko a hakan yaro zai iya tuƙa ta.

Daga nan aka shiga yaƙin maɓalli, ba wanda ya ce wa wani uffan. Alhaji Ƙarami ya fara ɗaukarta da kansa yana zuwa wajen abokansa, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a taga. Shi ya murɗa dama, ni in na shiga in murɗa hagu. Na gwada yin nishi sau ɗaya, don sabo, na ji shi a kunnena kamar kukan akuya a masallaci. Ban sake ba.

Ranar da abin ya faru ma Juma'a ce. Mun makara, Alhaji yana ta faɗa, na shiga da sauri ban tuna da maɓallin ba. A hanya ban lura sosai ba, titi miƙaƙƙe ne. Da muka dawo zan shiga fakin na ƙasan benen ofis, akwai wata matsattsiyar kwana a gangare, da ginshiƙin siminti a gefen dama. Na shige ta sau ba adadi, ko ido rufe zan iya. Abin da ya cuce ni ke nan. Jikina ya san a daidai nan ake danna kafaɗa da ƙarfi, kuma bai tsaya shawara da ni ba. Na danna. Sitiyarin ya tafi kamar an fizge shi, motar ta rungumi ginshiƙin. Ƙarar da ta yi tun daga ƙofar gaba har ta baya, har yau in na tuna sai haƙorana su yi tsami.

Na taka birki. Na kashe motar.

Wallahi nan take har na tanadi amsa. Na san Alhaji zai ce makaho, zai ce ga abin da ake samu in aka ba Bazazzagi abin arziki, ni kuma zan ce ai ginshiƙin ne Bakano, ya ga baƙo ya tare hanya. Da ya zage ni da mun tsira.

Sai ya sunkuyo ya dafa kujerata.

"Ba komai, Malam. Ba ka ji ciwo ba dai ko?"

Malam. Tunda nake da shi bai taɓa ce mini Malam ba.

Abin da ya biyo baya alheri ne zalla, har ya ishe ni. Aka kai motar gyara, da ta dawo ba a ce in ɗauko ta ba. Aka ajiye mini kujera a ofis kusa da na'urar sanyi. Ni da nake kawo wa mutane shayi, sai ga shi ana kawo mini. In na miƙe zan taimaka da katan, a ce haba Baba, zauna ka huta. Na gwada tsokanar Alhaji, na ce hular nan tasa ko a gwanjo aka samo, ya yi murmushi ya ce, "Allah ya shirye ka, Malam." Aka aiko mini da shadda. Aka aiko da turare. Rannan na dawo Satwa na tarar da sabon akwati, ƙato, a kan gadona. Ɗan Ganan nan ya dube shi ya dube ni, ya fita. A wajenmu ba a korar tsohon bara. Akwati ake saya masa.

Bizata tana ta matsowa, wanda yake karɓar fasfo a kai sabuntawa kuma kullum sai ya gaishe ni da fara'a ya wuce.

Na samu Alhaji shi kaɗai wata rana bayan azahar, a ƙaramin ɗakin da aka mayar da shi, wanda tagarsa take kallon jiragen ruwa. Na zauna a ƙasa, ya ce in hau kujera, na ƙi.

Na ce, "Alhaji, na ga mai haɗa shayin ofishin nan bai iya ba. Ruwa-ruwa yake yi."

"Haka ne."

"Mai gadin rumbu ma barci yake."

"Jikokinka fa suna girma ba su san ka ba," ya ce. "Ka yi mana, Allah ya biya ka."

Na ga zagaye-zagayen ba zai kai ni ko'ina ba. Na yi abin da ban taɓa yi ba, na faɗi magana a miƙe.

"Alhaji, kafaɗar nan fa lafiyarta ƙalau."

"Na sani."

"To me ya hana ka gaya wa yaron ran nan? Kalma ɗaya fa."

Ya juya ya dubi taga. Ana loda wa wani jirgi firji da buhunan shinkafa, 'yan dako suna ta kai da kawowa a rana.

"Da na faɗa, cewa zai yi Abba ba ka da tausayi, ya je ya sa abinsa. Kana ganin ni ake tambaya yanzu? Dubi ɗakin da nake. Ni ma shayi ake kawo mini."

Na so in ji tausayinsa, amma ban ji ba. Shi in an ajiye shi, a gidansa aka ajiye shi, jikokinsa suna hawa cinyarsa, Juma'a kuma ɗansa zai ɗauke shi a Tsohuwa. Na ce, "Allah ya saka da alheri," na tashi. Har na kai ƙofa ina sa ran zai jefo mini ko da rago ɗaya ne in tafi da shi. Ya ce, "Sauka lafiya, Malam."

Ranar tafiya na biya ofis da safe, sanye da sabuwar shaddar, tana ta ƙara kamar takarda. Makullin motar yana aljihuna tun ranar ginshiƙi, ba wanda ya tambaye ni shi, ni kuma na ƙi bayarwa, ina cewa dole wata rana a neme ni. Na samu Alhaji Ƙarami a bakin bene, na fito da shi na miƙa masa da hannu biyu. Na ɗan shirya jawabi ma, a kan yadda ake hawa kunya da ita, da yadda take son a bar ta ta ɗumama da safe.

Ya dubi makullin, ya yi dariya mai daɗi, ya rungume ni.

"Habibi Baba, riƙe abinka. Ai da aka gyara ƙofofin an canza makullan duka. Ka ajiye don tunawa."

Na mayar aljihu, na sa masa albarka. Ya ce ya so ya kai ni filin jirgi da kansa, amma yana da baƙi, ya kira mini tasi a waya. Motar ta zo, direban ya fito ya ɗauki akwatin, ya buɗe mini ƙofar baya. Na shiga na zauna. Muka hau titi, na rasa inda zan ajiye hannuwana, sai na cusa su tsakanin gwiwoyi har muka isa.